Ruwan Farko a Kan Ƙanƙara: Abin da Na Gani a Regina da Moose Jaw

Zumunci ne ya kai ni Regina ta ƙasar Kanada a watan Oktoba na shekarar 2022. Ɗan yayata yana karatu a jami'ar garin, kuma da wani aiki ya kai ni Toronto, sai uwarsa ta ɗaure ni da alkawarin cewa ba zan juyo gida ba sai na je na gan shi da idona, na kuma danƙa masa ƙullin yaji da kuka da ta haɗo ni da shi. Tafiyar sa'a uku da ɗoriya ce a jirgin sama. Da muka fara gangarowa na leƙa ta taga, sai na ga ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, babu tudu babu kwari, gonakin alkama an riga an girbe su, ba abin da ya rage sai guntayen karan da injin girbi ya bari. Regina ce babban birnin lardin Saskatchewan, mutanenta sun ɗan haura 220,000, kuma baƙo ba ya daɗewa a cikinta yake gane cewa gari ne na ma'aikatan gwamnati wanda manoma suka kewaye ta kowace kusurwa.

Tun muna cikin mota yaron ya fara yi mini tallar abin da ya shirya. Ya ce, "Kawu, ka zo a kan gaɓa. Akwai wani yaro ɗan shekara 17 a garin nan da duk Kanada take maganarsa, na sayo mana tikiti mu je ka gan shi tun kafin kallonsa ya fi ƙarfin aljihunmu." Na tambaye shi ko mawaƙi ne, sai ya yi dariya ya ce ɗan ƙwallon gora ne na kan ƙanƙara, wasan da su a can suke kira hoki kawai, kuma sunansa Connor Bedard. Ni da ko ƙwallon ƙafa ba na zama kallonta sai an zo wasan ƙarshe, na amsa masa ne don kada in gwale shi.

Zauren wasan, Brandt Centre, yana cikin harabar da ake baje kolin dabbobi da amfanin gona, kuma yana ɗaukar mutum 6,000 da 'yan ɗaruruwa. Abin da na fara lura da shi shi ne kujeru da yawa babu kowa a kansu, duk da irin zuzutawar da aka yi mini. Filin kansa daskararren ruwa ne mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26, an zagaye shi da katanga wadda aka ɗora wa gilashi mai kauri. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga, suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kuma abin da suke bugawa ɗan faifan baƙar roba ne wanda faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, nauyinsa kusan giram 170, ana ajiye shi a cikin firiza kafin wasa don kada ya riƙa tsalle a kan ƙanƙarar. Turmi uku ake yi, kowanne minti 20. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ba wanda yake cika minti ɗaya a fili in ban da masu tsaron raga: ana tsakiyar gudu sai ka ga uku sun nufi benci, wasu uku sun tsallako katanga sun maye gurbinsu, ba tare da alƙalin wasa ya busa usur ba.

Turmin farko gaba ɗaya ban ga faifan ba. Ƙararsa kawai nake ji idan ya daki gilashi kamar an harba bindiga, da kartar takalma idan yaro ya taka birki ya watso garin ƙanƙara. Da ɗan yayata ya ga ina ta rarraba ido, sai ya ce, "Kawu, ka bar neman faifan, ka dubi inda kawunansu suka juya." Daga nan ne wasan ya fara buɗe mini.

Ƙungiyar garin, Regina Pats, an kafa ta tun 1917, ta kuma samo sunanta daga Gimbiya Patricia, jikar Sarauniya Victoria, wadda wata rundunar sojan Kanada take ɗauke da sunanta. Tana cikin gasar yammacin ƙasar da ake kira WHL, wadda a shekarar take da ƙungiyoyi 22, kowace tana buga wasa 68. Akwai irinta guda biyu, ɗaya a Ontario ɗaya a Quebec da lardunan gaɓar teku, jimilla ƙungiyoyi 60 a lokacin, kuma zakarunsu ne suke haɗuwa a ƙarshen kaka su nemi kofin Memorial, wanda aka fara bayarwa a 1919 don tunawa da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. 'Yan wasan duka samari ne daga shekara 16 zuwa 20, kuma ba a yarda ƙungiya ta riƙe 'yan shekara 20 fiye da uku ba. Burin kowannensu guda ne: a ƙarshen watan Yuni manyan ƙungiyoyi 32 na gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, suna zama su zaɓi sababbin 'yan wasa, zagaye bakwai, suna 224 kacal daga duniya baki ɗaya, kuma duk wanda zai cika shekara 18 kafin tsakiyar Satumba yana cikin waɗanda za a iya kira. Saboda haka kakar da yaro yake da shekara 17 ita ce kakar awonsa, kuma awon yana farawa tun daga wasan farko.

Bedard yana sanye da lamba 98, shi ne kuma kyaftin. Ba dogo ba ne, tsawonsa bai wuce santimita 178 ba, kuma da a kasuwa na gan shi ba zan waiwaya ba. An haife shi a watan Yuli na 2005 a North Vancouver, kuma a 2020 hukumar wasan ta ƙasa ta ba shi izini na musamman ya shiga gasar yana ɗan shekara 15, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba a yammacin ƙasar. Kakarsa ta farko ta faɗo cikin annobar korona, lokacin da aka tattara ƙungiyoyin yankin a Regina suna wasa ba 'yan kallo, ya tara maki 28 a wasa 15. Maki a wannan wasa ana ba wanda ya ci, ana kuma ba mutum biyu na ƙarshe da suka miƙa masa. A kaka ta biyu ya ci 51 ya tara maki 100. Wannan ta uku kuwa, kamar yadda kowa a zauren yake ba da labari, ya buɗe ta da wasan da bai ci ba bai kuma miƙa aka ci ba, har aka yi ta surutu, amma tun daga ranar bai sake fita fili ya dawo hannu rabbana ba.

Akwai abu ɗaya da na gani kusa da kusa, domin a turmi na biyu mun sauko mun zauna daf da gilashi a bayan raga. Ya taho da faifan ta gefen dama, mai tsaron baya ya tare shi ya miƙa gorarsa don ya toshe hanya. Maimakon ya ɗaga gora ya maka kamar yadda na ga sauran suna yi, sai ya janyo faifan zuwa wajen ƙafafunsa da bakin gorar, tafin hannu ɗaya ko biyu kawai, ya danna gorar a ƙanƙara har ta lanƙwasa kamar baka, ya sake ta. Ban ga tafiyar faifan ba, sai ƙarar da ya yi a gilashin da ke gaban fuskata na ji, har na kauce ba shiri, yaran da ke bayanmu suka yi mini dariya. Bai shiga raga ba, amma na ga mai tsaron ragar bai motsa ba sai bayan ƙarar. Wannan 'yar janyowar ita ce sirrin: tana sauya kusurwar da harbin zai fito a daidai lokacin da mai tsaron raga ya riga ya daidaita tsayuwarsa. An ce tun yana yaro ya taɓa karya wuyan hannunsa na dama, ya yi makonni yana atisaye da hannu ɗaya, kuma daga nan ƙarfin hannun nasa ya samo asali.

A hutun da ke tsakanin turmi, lokacin da motar Zamboni take zagaya fili tana kankare ƙanƙara tana shimfiɗa ruwan zafi, na hau sama neman shayi, sai na lura da wasu mutane zazzaune a kusurwa, kusan dukansu cikin baƙaƙen riguna, ba sa tafi ba sa ihu, kowa da ɗan littafi ko kwamfutar hannu. Su ne masu farautar 'yan wasa da manyan ƙungiyoyi suke turowa. Kamanninsu ya tuna mini da dillalan kara, waɗanda za ka ga suna zagaya sa suna duban ƙafarsa da haƙoransa, fuskarsu ba ta nuna ko ya yi musu ko bai yi ba. A layin shayin na faɗa hira da ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai furfura wanda ya ce noma ne sana'arsa, wannan kuwa aikin hunturu ne da ya shekara fiye da 20 yana yi. Da ya ji daga inda na fito, ya kuma ga ban san komai ba, sai ya saki jiki da ni, ya ce in zo in zauna kusa da shi a turmi na uku.

Na leƙa littafinsa ina zaton zan ga lamba 98 ta cika shafi, sai na tarar layi biyu kawai ya rubuta a kanta. Ya ce mini ai wannan yaron ba ya bukatar a rubuta shi, kowa ya san shi ne na ɗaya, kuma ƙuri'a ce za ta raba gardama tsakanin ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kan wadda za ta same shi. Shi waɗanda ake kokwanto a kansu ya zo gani. Abin da yake dubawa kuwa ba ya cikin takardar sakamako: taku uku na farko idan yaro ya tashi daga tsaye, ko yana waiwayawa ya san wanda ke bayansa kafin faifan ya iso gare shi, abin da yake yi lokacin da faifan ba ya hannunsa, ko yana shiga kusurwa inda ake matse mutum da katanga ko kuwa yana rage gudu don wani ya riga shi, da kuma yadda yake komawa benci bayan ya yi kuskure. Ya nuna mini wani yaro da ya ɓatar da faifai aka kusa cin su, ya ce in bi shi da ido. Yaron ya koma benci ya sunkuyar da kai, da aka sake turo shi sai ya riƙa rabuwa da faifan da zarar ya taɓa gorarsa, kamar mai riƙe da garwashi. Dattijon ya rubuta kalma biyu ya rufe littafin.

Na ce masa mu a wajenmu ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da na fassara masa ya yi murmushi, ya ce shi a matsayinsa na manomi ya sha ganin gonar da ta yi kore shar a watan Yuni, ruwan ƙanƙara na minti goma ya kwantar da ita a watan Yuli. Sannan ya zayyana mini dalilan da suke sa ba ya amincewa da lissafin Oktoba. A makonnin farko fitattun 'yan shekara 18 da 19 suna sansanin manyan ƙungiyoyin da suka riga suka zaɓe su, wasu ma ana riƙe su har wasa tara kafin a maido su, domin a wasa na goma ne shekarar farko ta kwantiraginsu take fara ƙirguwa. Kafin su dawo, ƙananan suna samun lokacin da ba nasu ba, suna kuma karawa da masu tsaron bayan da ba su gama sanin juna ba, don haka ƙwallaye suke yawa. Yaro zai iya tara maki 15 a wasa takwas, jaridu su ɗauka, amma da zarar manyan sun dawo an mai da shi layi na uku, cikin waɗanda ba a cika sa su a fili ba, sanyi ya kankama, doguwar tafiya ta fara cin jiki, sai ka neme shi ka rasa. Duk da haka a ƙarshen Oktoban ne ofishin tantancewa na NHL yake fitar da jerin farko, inda a lokacin ake yi wa yara tambarin A ko B ko C, wato wanda ake hasashen zagayen farko, da na biyu zuwa na uku, da na can baya, kuma wannan harafi guda yana bin yaro har cikin ajinsu a makaranta.

Misalan da ya kawo mini daga baya na bincika na same su daidai. Bedard kansa a kakar 2021 ya fara da sanyin jiki har wasu suka fara cewa an yi gaggawar yabonsa, sai ga shi ya ƙare da ƙwallo 51. Shane Wright, wanda ya sami irin wannan izini na musamman a Ontario a 2019, an shekara uku ana kiransa na ɗaya, amma da aka zauna zaɓe a Montreal a watan Yuli na 2022 sai ƙungiyar garin ta ɗauki Juraj Slafkovsky ɗan ƙasar Slovakia, shi kuwa sai a na huɗu Seattle ta kira shi. Sean Day, wanda aka ba izinin a 2013 bayan John Tavares da Aaron Ekblad da Connor McDavid, sai a lamba ta 81 aka ji sunansa a 2016. A nan na yarda cewa karin maganarmu tana da gaskiya a kan irin su McDavid, amma ba ta faɗi adadin Larabar da ta yi kyau Juma'arta ta zo da hadari ba.

Da zai tafi, tun saura minti biyar a tashi don ya riga cunkoso, ya tambaye ni ko na san cewa ɗaya daga cikin gwarzayen wasan jininmu ne. Jarome Iginla yake nufi, wanda mahaifinsa Bayarabe ne daga Nijeriya, ya taso a wannan gasa tare da Kamloops, ya ci kofin Memorial a 1994 da 1995, ya kuma yi ritaya da ƙwallo 625 a NHL. Ya ce ɗansa Tij yana ƙungiyar samari ta Seattle, ta wannan gasa ta WHL, a wannan kakar yana ɗan shekara 16, da ƙyar yake samun shiga fili saboda ƙungiyar cike take da manya.

Bayan kwana biyar muka hau babbar hanyar da ta ratsa Kanada daga gabas zuwa yamma, muka nufi Moose Jaw, kilomita 70 daga Regina. Hanya ce miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare, ba abin da ke tsaye a sararin sai rumbunan hatsi na ƙarfe da jirgin ƙasa mai tarago fiye da ɗari. A bakin garin akwai gunkin wata dabbar dajin ƙasar mai manyan ƙahoni da ake kira moose, wadda sunanta yake cikin sunan garin, tsayinsa kusan mita 10, kuma ɗan yayata bai bar ni na wuce ba sai da ya ɗauke ni hoto a gindinsa don uwarsa. Garin ƙarami ne, mutum 30,000 da 'yan kai, zaurensu ma bai kai na Regina ba, amma na fi jin daɗin kallo a can, saboda kowa ya san kowa kuma ana kiran 'yan wasan da sunayensu na yanka kamar 'ya'yan unguwa.

Ƙungiyarsu, Warriors, tana da samari uku da ake ji da su. Denton Mateychuk, mai tsaron baya, Columbus ta riga ta ɗauke shi a lamba ta 12 a wannan bazarar, Jagger Firkus kuma Seattle ta ɗauke shi a ta 35, siriri ne kamar iska za ta ɗauke shi amma hannunsa yana da dabara. Wanda ake aunawa a kakar shi ne Brayden Yager ɗan Saskatoon, tsaran Bedard, wanda ya ci ƙwallo 34 yana ɗan shekara 16 aka ba shi kyautar sabon ɗan wasa mafi fice a ƙasar, kuma a lokacin ana sa shi cikin goman farko. Na yi ƙoƙarin kallonsa da idon dattijon nan, na ga yana komowa baya ya taya tsaro, yana kuma yawan miƙawa a inda 'yan kallo suke ihun ya harba.

Sai dai ni ba shi ne ya tafi da hankalina ba. A cikin baƙin da suka zo wasan akwai wani dogon yaro mai wasa ta gefen hagu, wanda a daren ya ci biyu ya kuma yi ta kutsawa gaban raga ba tsoro. Na duba takardar sunaye na ga shekararsa 17, na zana layi a ƙarƙashin sunansa da biro, na ce wa ɗan yayata ya shaida, ni ma na yi nawa zaɓen. Ya ce, "Kawu, daga wasa biyu har ka zama dillali?" Na ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

A gefena wata dattijuwa ce take zaune da bargo a cinya, tana ta kiran sunan wani yaro tana cewa ya ɗaga kansa. Na ɗauka jikanta ne, ashe ɗan riƙo ne. Yawancin samarin nan daga nesa ake kawo su, tun suna shekara 15 ƙungiyoyi suke rabon su, don haka wasu iyalai a garin suke karɓarsu su zauna a gidajensu, su ci abincinsu, su tafi makarantar sakandare da safe, su yi atisaye da rana. Ta ce ta riƙe yara fiye da goma a tsawon shekaru, kuma abin da mai littafi ba ya gani shi ne yaron da yake kuka a ɗaki a watan Oktoba saboda kewar gida, ko wanda aka sayar wa wata ƙungiya da rana tsaka ya tattara kayansa cikin sa'a biyu ya bar rabin abincinsa a firji. A cikin duk waɗanda ta riƙe, ta ce, ɗaya ne ya taɓa taka filin NHL, sauran akwai malamin makaranta, akwai mai gyaran wutar lantarki, akwai manoma, kuma har yanzu suna kiranta a waya ranar haihuwarta. Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurina, amma ban taɓa ganin wanda aka gina a kan cinikin 'yan wasa ba. Bedard ma, an ce, mahaifiyarsa ce ta baro gida ta dawo Regina ta zauna da shi.

A nan ne wani abu ya tsaya mini a rai, kuma har yau bai wuce ba. Ana sayar da tikiti da riguna masu sunayen yaran nan, ana nuna su a talabijin, amma gasar ba ta ɗauke su ma'aikata ba, ɗan alawus ake ba su, sai kuma alkawarin kuɗin karatun jami'a da littattafai na shekara ɗaya a kan kowace kakar da yaro ya buga. Alkawarin yana da amfani ƙwarai ga wanda bai kai ga babbar gasa ba, kuma su ne mafi yawa, sai dai idan aka dubi abin da ake ɗora wa ɗan shekara 16, da raunin kai da na kafaɗa da yake kwasa, ni a ganina awon ya fi ƙarfin ladan.

Da aka tashi mun fito ta bayan zauren, muka tarar da motar baƙin tana ruri, yaran suna loda jakunkunansu da kansu cikin kwat da wuyan riga a ɗaure, kowa da kwalin abinci a hannu. Na hango wanda na zaɓa yana jan jaka biyu, fuskarsa duk ƙuraje irin na ƙuruciya, sai a lokacin na ga ashe yaro ne ƙarami. Daga nan za su kwana a hanya. A lardin nan ba a wasa da zancen motar 'yan wasa: a ranar 30 ga Disamba 1986 motar ƙungiyar Swift Current ta kife, samari huɗu suka mutu, sannan a ranar 6 ga Afrilu 2018 wata babbar mota ta yi karo da ta ƙungiyar Humboldt, wadda take wata ƙaramar gasa ta lardin, mutum 16 suka rasa rayukansu. Bayan wannan na biyun mutane a faɗin ƙasar suka riƙa jingine gorar wasa a ƙofar gida da dare don juyayi. Dattijuwar ta tsaya tare da mu har motar ta fita daga harabar, ko da yake ba yaranta ba ne a ciki.

Na baro Regina a farkon Nuwamba, ana shirin babban baje kolin dabbobi na Agribition, wanda duk shekara yake korar Pats daga zaurensu su yi makonni suna yawo, a shimfiɗa ƙasa inda ƙanƙara take a shigo da shanu. A wannan yawon ne suka je lardin British Columbia, mahaifar Bedard, inda tikiti ya riƙa ƙarewa a kowane gari. Sauran labarin ta waya ya riƙa iso mini. A gasar matasa ta duniya da aka yi a Halifax da Moncton a ƙarshen shekara ya tara maki 23 a wasa bakwai, Kanada ta ɗauki zinare bayan ta doke Jamhuriyar Czech, wadda abokin wasansa na Regina, Stanislav Svozil, yake tsare mata baya. Daga nan kujerun da na gani babu kowa suka zama abin rububi, har a Calgary mutum fiye da 17,000 suka cika zaure don kallon wasan samari. Ya jera wasa 35 bai fashi samun maki ba, ya rufe kaka da ƙwallo 71 da maki 143 a wasa 57, amma duk da haka Saskatoon ta fitar da Pats a zagayen farko na wasannin fitar da gwani bayan karawa bakwai.

Zaɓen ya faɗo ranar Laraba 28 ga Yuni 2023 a birnin Nashville, ranar Babbar Sallah a wajenmu, kuma da ƙarfe 12 na dare agogonmu aka fara. Ina zaune a tsakar gida, ƙamshin suya bai gama bajewa ba, ɗan yayata yana turo mini sunaye ɗaya bayan ɗaya. Chicago ta ɗauki Bedard a na ɗaya. Nate Danielson na Brandon, wanda ya tara maki 78, Detroit ta kira shi a na tara, Zach Benson na Winnipeg ya tafi Buffalo a na 13, Yager kuma ya sauko zuwa na 14 inda Pittsburgh ta ɗauke shi. Riley Heidt na Prince George, mai maki 97, sai washegari aka kira shi a lamba ta 64. Tanner Howe, wanda yake wasa kafaɗa da kafaɗa da Bedard a Regina, da yake a watan Nuwamba aka haife shi, dole ya jira shekara guda, kuma a wannan zaɓe na 2024 ne aka kira Tij Iginla a na shida, bayan ya koma Kelowna ya ci ƙwallo 47.

Washegarin Sallah da daddare, bayan an kammala zagaye na bakwai, na ɗauko takardar sunayen nan ta Moose Jaw daga cikin fasfo ɗina inda na adana ta, na bi jerin 224 da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa zuwa sama. Sunan da na ja wa layi ba ya ciki. Na rubuta wa ɗan yayata cewa wataƙila an yi kuskure a jerin da ya turo mini, sai ya amsa da cewa, "Kawu, babu kuskure. Na duba, bayan Kirsimeti ƙwallo uku kawai ya ƙara, amma yana nan a ƙungiyarsu, kuma a watan Satumba za su zo Regina."